Na je Megara neman Yukilid

Ranar 26 ga Oktoba na fara wayar gari a Atina. Ƙanena, autan ɗakinmu, wanda ke aiki da wani kamfanin jiragen ruwa a tashar Pirayus, ya ce mu sauka mu sayo burodin karin kumallo, sai muka tarar da layi har bakin titi a gidan burodin unguwarsu. Duk wanda ya fito yana rungume da kwalin kayan zaƙi ɗaure da zare mai sheƙi, ana ta gaisawa ana cewa "hironya pola", wato Allah ya ba da shekaru masu yawa.

Na ce, "Auta, salla suke yi?"

Ya ce, "A'a Yaya, yau ranar masu suna Dimitiris da Dimitira ce. Kowane suna a nan da ranarsa, kuma mai sunan ne ke ciyar da mutane. Yau ba ofishin da za ka shiga ba a miƙo maka alewa ba."

Na tambaye shi yadda aka yi suna guda ya cika gari haka. Ya ce ai Bagirke sunan mahaifinsa yake sa wa ɗansa na fari, shi ya sa in an yi taron dangi aka kira suna ɗaya, sai 'ya'yan 'yan'uwa huɗu su waiwayo. Ban ji baƙon abu ba, don ɗana na fari sunan mahaifinmu yake ɗauke da shi, Abba muke ce masa tun da bakinmu ba zai iya faɗin sunan ba. Abin da ya burge ni shi ne al'adar ta haura shekara dubu biyu da ɗari biyar a wannan ƙasa, kuma ita ce asalin abin da ya kawo ni, bayan ganin Auta da na yi shekara bakwai ban sa a ido ba.

Ni malamin lissafi ne a sakandare. A farkon koyarwata na ci karo da hoton bangon wani tsohon littafi da aka buga a birnin Benis na Italiya a 1505, fassarar Latin ta littafin Yukilid, uban ilmin auna layi da kusurwa, wanda littattafan Larabci ke kira Uƙlidis. A jikin bangon an rubuta cewa Yukilid mutumin Megara ne. Na ɗauka, na kuma yi shekara huɗu ina gaya wa ɗalibai haka duk ranar da za mu fara darasin alwatika. Daga baya na gano cewa mutum biyu ne, kusan ƙarni guda a tsakaninsu, kuma na Megara bai rubuta layi ko ɗaya a littafin ba. Abin ya tsaya mini a rai fiye da yadda wani zai zata. Na san zafin a haɗa ka da takwaranka. An taɓa cakuɗa fayil ɗina da na wani mai irin sunana a wani ofishi, ƙarin girmana ya tafi wurinsa, takardar gargaɗinsa ta zo wurina, na yi shekara biyu ina hawa bene ina sauka kafin a raba mu. Wanda bai shiga ba zai ce ƙaramin abu ne.

Bayan mun karya muka hau jirgin ƙasa na layin kore daga Pirayus zuwa Tisiyo, muka gangara tsohuwar kasuwar birnin, Agora. A nan mutanen Atina na da suke ciniki da shari'a da siyasa da gardama. A gefen gabas akwai wata doguwar rumfa mai bene da ginshiƙan marmara, wadda Sarki Atalos na biyu na Fagamon ya gina a ƙarni na biyu kafin Miladiyya, Amurkawa masu tono suka sake tayar da ita tsakanin 1953 da 1956 suka mai da ita gidan tarihi. Cikinta akwai akwatin gilashi guda da na fi daɗewa a gabansa, har Auta ya gaji ya koma waje ya zauna a gindin ginshiƙi.

Tsingaro ne a ciki, fasassun tukwane da ƙoƙuna, wasu baƙaƙe wasu ja, ba wanda ya kai tafin hannu. A kan kowanne an karce suna da abu mai tsini. Da waɗannan ake korar mutum daga gari. Sau ɗaya a shekara jama'a kan yanke ko za a yi ƙuri'ar kora, in an amince sai kowa ya zo kasuwa da tsingaronsa ya rubuta sunan wanda yake ganin ya yi wa gari girma. In ƙuri'u sun kai 6,000, wanda ya fi yawa yana da kwana goma ya tattara ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara goma, amma ba a taɓa dukiyarsa. An fara aiki da dokar a 487 kafin Miladiyya.

Na sa fuska dab da gilashi ina haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya, tun da lissafi ya koya mini su, su alfa da sigima da tita. Temistokilis ɗan Niyokilis. Aristidis ɗan Lisimakos. Kimon ɗan Miltiyadis. Perikilis ɗan Zantifos. Wani rubutun a miƙe, na mai hannu mai kyau, wani a karkace, harafi ya zame inda tsinin ya kuɓuce a kan santsin fenti. Kusan kowa sai da ya ƙara sunan uba, wani ma ya ƙara sunan gunduma. Mutum na tsaye cikin hayaniyar kasuwa, zuciyarsa cike da fushi, amma ya tsaya ya ƙara karce haruffa takwas ko goma don kada a kori wani a madadin wani. Wannan ya taɓa ni. Bayan gyaran mulki na Kilistenis a 508 kafin Miladiyya, cikakken sunan ɗan Atina gida uku ne: nasa, na ubansa, da na gundumarsa cikin gundumomi 139. Sokiratis ɗan Sofroniskos na Alofeke, haka yake a hukumance. Duk wanda ya yi makarantar kwana a Arewa zamanin da ake laƙaba wa yaro sunan garinsu don Muhammadu sun yi yawa a aji zai gane hikimar ba sai an yi masa bayani ba.

Duk da haka ba su tsira ba. Akwai Tukididis biyu da suka yi suna a ƙarni guda. Na farko ɗan Melesiyas ne, jagoran masu hannu da shuni, wanda ya tsaya wa Perikilis, jagoran Atina na lokacin, a wuya yana cewa ana kwashe kuɗin ƙawayen Atina ana ƙawata birni da gine-gine. Aka yi ƙuri'ar tsingaro wajen 443 kafin Miladiyya, shi ya faɗi, ya fita, an kuma tono tsingaro masu ɗauke da sunansa. Na biyu ɗan Oloros ne, wanda aka ba jiragen yaƙi a 424 ya kasa isa birnin Amfifolis kafin Sifatawa, abokan gaban Atina, su karɓe ta, ya yi shekara ashirin a gudun hijira, a can ya zauna ya rubuta tarihin yaƙin Atina da Sifata da har yau ake karantawa. Suna ɗaya, gari ɗaya, kowanne an raba shi da gida, ga shi ɗaya ɗan siyasa ɗaya kwamanda. Tun zamanin da, masu rubuta tarihin rayuwar na biyun suka fara zuba masa labarin na farkon. Shi kuwa kamar ya hango, da ya zo ba da labarin Amfifolis sai ya kira kansa ɗan Oloros, wanda ya rubuta wannan littafi, a wani wurin kuma da ya ambaci wani takwaransa ya ce na Farsala ne.

A jakata akwai littafin da nake tafe da shi tun daga gida, tarihin rayuwar masana falsafa na Diyojinis Layatiyos, wanda ya rayu wajen ƙarni na uku na Miladiyya. Shi ma mutane kan ɗauke shi a matsayin ɗaya Diyojinis ɗin na Sinofe, mai kwana cikin randa, alhali fiye da shekara ɗari biyar ce tsakaninsu. Mutumin yana da wata ɗabi'a da nake ƙauna. In ya gama labarin wani malami, sai ya tsaya ya lissafo sauran sanannun da suka yi wannan suna. Ya ce an yi Aristotil takwas, Diyojinis biyar, Zeno takwas, Dimitiriyos kuwa ashirin. Ya dogara sosai da wani malami na ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya, Dimitiriyos na Magnesiya, wanda ya rubuta littafi sukutum kan mawaƙa da marubuta masu suna ɗaya. Littafin ya ɓata, sai abin da wasu suka ciro daga cikinsa. Na karanta wa Auta wannan a gindin ginshiƙi, ya yi dariya ya ce to yau ai ranar mutum ashirin ɗin ce, har da mai lissafin.

Muka fito ta ƙofar arewa, muka haye gadar da ke kan layin dogo zuwa titin Adiriyanu, inda gidajen abinci suka jera tebura a waje. Tsakanin gidajen akwai wani rami da aka kewaye da waya. In ba an nuna maka ba za ka wuce. Ƙasa can, ga matakala na dutse da tushen bango, ruwa ya ɗan kwanta a gefe. A 1981 masu tono suka kai ga wannan wuri, suka ce shi ne ƙarshen yamma na Rumfa Mai Zane, wadda aka ƙawata da hotunan yaƙe-yaƙe har da na Maraton. A wannan rumfa Zeno na Kitiyon ya riƙa koyarwa wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, kuma daga kalmar rumfa a harshensu, sitowa, aka samo sunan mazhabarsa. Larabawa ma haka suka fassara, suna ce musu Riwaƙiyyun, mutanen rumfa.

Baƙo ne a Atina. Garinsu Kitiyon yana tsibirin Kubrus, inda birnin Lanaka yake yanzu, kuma jininsa na Finikiyawa ne. Labarin da aka ruwaito shi ne farke ne, ya ɗauko rinin shunayya mai tsada, jirgi ya nutse kusa da Pirayus. Ya hau gari ba ko anini, ya zauna a shagon mai sayar da littattafai, ya ji ana karanta labarin Sokiratis, ya tambaya ina ake samun irin waɗannan mutane. Mai shago ya nuna masa wani malami, Kiratis, da ke wucewa, ya ce bi wancan. Karatun da ya gina daga baya shi ne cewa abin da ke hannun mutum halinsa ne da hukuncin zuciyarsa, dukiya da lafiya da suna kuwa na zuwa suna tafiya. Daga bakin wanda teku ta cinye jarinsa, maganar tana da nauyi.

Wani ɗan labari nasa ne ya fi zama mini. An yi karo-karo don gyara gidan wanka na jama'a, ya ba da nasa, aka sassaƙa sunayen masu bayarwa a ginshiƙi, aka rubuta "Zeno masanin falsafa". Sai ya roƙa a ƙara "na Kitiyon". Ya yi shekaru da dama a Atina, manya na girmama shi, an ce har an yi masa tayin zama ɗan gari ya ƙi. Ina ganin kishin garinsu ne ya sa shi. Amma ko bai nufa ba, ya yi wa na baya alheri, don akwai wani Zeno masanin falsafa da ya riga shi taka wannan gari.

Washegari muka je neman wancan. Keramikos ba ta da nisa, tafiyar minti goma ce daga Agora ta titin Emu. Unguwar maginan tukwane ce a da, rabinta cikin ganuwa rabinta waje, kuma wajen shi ne babbar maƙabartar birnin. Wurin a kwari yake, shiru, baƙi kaɗan ne. Ga ragowar ganuwar da aka gina cikin gaggawa bayan an kori Farisawa a 479 kafin Miladiyya, har da duwatsun kaburbura aka cusa a ciki. Ga tushen babbar ƙofar gari, ga ɗan rafin Eridanos yana tsiyaya cikin ciyawa. A titin kaburbura na tsaya gaban na wani saurayi mahayin doki, Deksiliyos ɗan Lisaniyas na Torikos, wanda aka kashe a yaƙin Korinti a 394 yana ɗan shekara ashirin. Nan ma gida uku, sunansa, na uba, na gunduma.

Aflatun ya ba da labarin cewa wajen 450 kafin Miladiyya, wani dattijo Faminidis ya zo babban bikin Atina daga Eliya, wani garin Girkawa a kudancin Italiya, tare da almajirinsa Zeno, dogo kyakkyawa mai kusan shekara arba'in. Suka sauka a gidan wani Fitodoros, a wajen ganuwa, a Keramikos ɗin nan. A gidan Zeno ya karanta littafinsa, Sokiratis yana matashi yana saurare yana ja da shi. Wannan Zeno na Eliya shi ne wanda nake koyarwa duk shekara in mun zo kan jerin lambobi marasa iyaka. Shi ya ce in gwarzon gudu Akilis ya ba kunkuru rata, ba zai taɓa cim masa ba, don kafin ya isa inda kunkuru yake, kunkuru ya ɗan matsa, kafin ya isa nan ɗin ya sake matsawa, haka har abada.

Ina cikin yi wa Auta wannan bayani sai ya kama hannun rigata. "Yaya, duba."

Kunkuru ne, na gaske, ya fito daga ƙarƙashin wani dutse da aka sassaƙa. Ashe wurin cike yake da su. Wannan bai wuce ƙwaryar shan fura ba, ƙoƙon bayansa baƙi da ruwan ɗorawa, gefe guda ya ɗan ɓantare. Ya miƙo wuya mai tamoji, ya kama ganyen wata ciyawa ya ja, ya tauna a hankali, sannan ya ɗaga ƙafar gaba kamar mai tunanin inda zai ajiye ta. Na tsuguna na ciro biro na yi lissafin a bayan tikitin shiga. Rata mita 100, Akilis ya ninka kunkuru gudu sau goma. Mita 100, a tara da 10, a tara da 1, a tara da kashi ɗaya cikin goma, haka dai. Jimillar ba ta tafi har abada ba, ta tsaya a mita 111 da ɗaya bisa tara, a nan zai cim masa. Auta ya karɓi tikitin ya duba, ya ce tun yana aji uku na yi masa wannan a ƙofar gida da gawayi. Ban zaci ya riƙe ba. Amsar da nake rubutawa cikin minti ɗaya, sai da masana lissafi suka shafe kusan shekara dubu biyu kafin su kafa ta a kan tushe mai ƙarfi, kuma tambayar da ke ƙarƙashinta, ko tazara tana rabuwa ba iyaka, har yau ana tattauna ta.

Ɗaya Zenon kuma, na Kitiyon, da ya rasu wajen 262, mutanen Atina suka zartar da doka a ba shi kambin zinariya a kuma gina masa kabari da kuɗin gwamnati a Keramikos. A takardar dokar sun rubuta shi cikakke, Zeno ɗan Manasiyas na Kitiyon. Ke nan ɗaya ya yi baƙunta a unguwar, ɗaya an binne shi a cikinta, kusan shekara 190 a tsakani, ɗaya daga yamma ɗaya daga gabas, kuma ba abin da ya haɗa karatunsu. Na sha ganin an liƙa hoton gunkin kan ɗaya a ƙarƙashin maganar ɗayan a intanet. Kama da wane ba ta wane. Na zagaya wurin ina duban duwatsu, ba alamar da ke nuna kabarinsa.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Botanikos, wanda gwamnati ta gina aka buɗe a 2020, ba shi da hasumiya. Asabar da sassafe Auta ya aro motar abokin aikinsa muka kama hanyar Megara.

Kilomita arba'in ne da 'yan kai, yamma da Atina, a kan hanyar Korinti. Mun wuce matatun mai na Asfirofigos da Elefsina, hayaƙi da tankuna a dama, a hagu kuma teku da tsibirin Salamis, inda aka karya jiragen Farisa a 480. Daga nan sai gonakin zaitun da na fistashiyo da dogayen gidajen kaji. Megara ta yau ƙaramin gari ne a kan tuddai biyu, fararen gidaje, tsofaffi na shan gahawa a dandali suna jan carbin wasa. Ba za ka ce mutanen nan ne suka kafa Bizantiyom, wadda ta zama Istanbul ba. Abin gani mafi girma shi ne wata tsohuwar matattarar ruwa a tsakiyar gidaje, mai ginshiƙai 35 masu kusurwa takwas, layi biyar bakwai-bakwai. Ana kiranta da sunan Tiyajinis, wani mai mulkin ƙarni na bakwai kafin Miladiyya, alhali ginin da ake gani na farkon ƙarni na biyar ne. Na ƙirga ginshiƙan, na zauna a kan katangar da ke kallonsu na buɗe littafina.

Yukilid na Megara almajirin Sokiratis ne. An ruwaito cewa lokacin da Atina ta haramta wa mutanen Megara shiga garinta, aka ce duk wanda aka kama kisa ne, shi sai ya riƙa sa tufafin mata ya lulluɓe kai, ya taka da yamma ya isa Atina cikin dare, ya zauna wurin malaminsa, kafin gari ya waye ya juyo. Hanyar da muka yi minti arba'in a mota ke nan. Na san almajiran da suka yi irin wannan tafiya don karatu, kakanmu ma da ƙafa ya je Gabas, shi ya sa ban ɗauki labarin a matsayin almara ba. Yana cikin waɗanda suka zauna da Sokiratis a kurkuku ranar da ya sha dafi a 399, kuma da almajirai suka tsorata suka bar Atina, gidansa a Megara suka fake, har da Aflatun. Ya kafa makaranta a nan wadda ta shahara da iya gardama da ilmin manɗiƙi, kuma ɗaya daga magadanta, Sitilfo, ya koyar da Zeno na Kitiyon. Ya rubuta littattafai shida na tattaunawa. Ko ɗaya bai iso gare mu ba.

Ɗaya Yukilid ɗin a Iskandariya ta Masar ya yi aiki, wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya, zamanin Sarki Batalimus na farko. Ya tattara ilmin awo da na lambobi cikin juzu'i 13, ya fara da 'yan ƙa'idoji da kowa zai yarda da su, ya riƙa ɗora hujja kan hujja. A juzu'i na ɗaya, mas'ala ta 47, ya tabbatar da ƙa'idar Fisagoras. A na tara ya nuna cewa lambobin da ba sa rabuwa ba su da ƙarshe, da hujjar da ɗan aji huɗu zai iya bi. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza zamanin Haruna Rashid, kuma ta hanyar Larabci cikakkensa ya fara shiga Latin a ƙarni na 12. Labarin rayuwarsa kuwa kusan babu. Sai masu kwafa da masu bugawa a Turai suka ga littafi ba mutum, ga kuma wani Yukilid mai gari da malami da labari amma ba littafi, suka ɗinke su wuri guda. Haka aka yi ta bugawa har cikin ƙarni na 16, lokacin da masana irin su Komandino, wanda ya fitar da tasa fassarar a 1572, suka raba su.

An zalunci su biyun. Na Iskandariya an ba shi garin da ba nasa ba da zamanin da bai gani ba. Na Megara kuwa, wanda za a ce ya ci riba, shi ya fi asara a ganina, don duk wanda ya ji sunansa alwatika yake tunawa, ba mai tambayar me shi kansa ya ce. Alhali ɗan abin da ya rage na maganarsa ya isa a tsaya a kai. Ya ce alheri abu ɗaya ne, sai dai ana kiransa da sunaye da yawa, wani lokaci hikima, wani lokaci Ubangiji, wani lokaci hankali. Na karanta jimlar sau uku a kan katangar nan. Akwai ma Yukilid na uku, shugaban shekara a Atina a 403, wanda a zamaninsa birnin ya karɓi haruffa 24 da Girkawa ke rubutu da su har yau, shi ya sa tsingaron da na gani a Agora rubutunsu ya ɗan bambanta. Sunan kansa ma'anarsa mai kyakkyawan ambato.

Muka sayi fistashiyo rabin kilo a wani shago, muka ci gasasshen kifi da burodi a bakin teku a Faci, tashar jiragen kamun kifin garin. La'asar ta yi muka yi salla a gefen mota muka juyo.

A hanya na ba Auta labari na ƙarshe da na sani game da mutumin Megara, wanda wani tsohon marubucin Girka, Fulutak, ya ruwaito. Wai sun yi faɗa da ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya ce, in halaka in ban rama ba. Yukilid ya ce, ni kuma in halaka in ban lallashe ka ka bar fushin nan ka so ni kamar da ba. Ban shirya faɗa masa ba, bakina ne ya kai. Shekara bakwai da suka wuce, a kan rabon gidan mahaifinmu, na gaya wa Auta maganar da ba ta dace da babba ba, ya bar ƙasar ba mu yi sallama ba, kuma tun isowata ba wanda ya ɗaga zancen.

Bai ce komai ba har muka wuce Elefsina. Fitilun matatar mai sun fara kamawa, motoci sun yi cincirindo a hanyar shiga Atina. Sai ya rage rediyo ya ce, "Yaya, Abba aji nawa yake yanzu?"

Na ce, "Aji biyar. Kullum sai ya tambaye ni kai."

Ya ce, "In ka koma ka ba shi tikitin nan mai lissafin kunkuru. Ka ce masa da babbar salla ina tafe."